Yadda Ake Shirya Tafiyar Hawan Duwatsu da Abokai, Daga Legas Har Tuddan Yashin Yobe

Mu Hausawan Legas mun san hanyar Arewa kamar tafin hannunmu, amma yawancinmu a cikin duhu muka san ta. Motar dare ta ɗauke mu daga Agege ko Ijora bayan isha'i, ko ta bi ta Jebba ko ta Lokoja, duk duwatsun ƙasar Yarabawa mu wuce su muna gyangyaɗi. Wannan bayani na waɗanda suke so su bi hanyar da rana ne, su tsaya su dafa dutsen da hannunsu, su hau wanda zai hawu, su ci gaba har inda ƙasa ta koma yashi tsantsa a arewacin Yobe. Tafiya ce ta kusan mako biyu, kuma an jera ta ne daga ƙaramin dutse zuwa babba, kowane zango yana koya muku abin da za ku bukata a na gaba. Wanda ya tsallake na farko don ɗokin na ƙarshe, shi ne ake saukowa da shi a kafaɗa.

Da wa za ku tafi, kuma yaushe

Mutum huɗu ko biyar a mota ɗaya. Uku sun yi kaɗan, domin idan ɗaya ya ji ciwo a kan dutse ana bukatar mai zama da shi, da kuma mutum biyu da za su sauka neman taimako. Lallai a sami direbobi biyu masu lasisi da suka taɓa doguwar hanya, ba masu zagayen Ikeja da Oshodi kaɗai ba. A sami mai jin Yarabanci sosai. 'Ya'yan Agege da Idi-Araba ba sa rasa wannan, kuma daga Abeokuta har Owo shi ne bakinku. A naɗa ma'aji, kowa ya zuba kasonsa tun kafin a tashi, sannan a naɗa shugaban tafiya kamar yadda addini ya koyar.

Ku yi sharaɗi guda tun kuna zaune a majalisa: duk wanda ya ce a juya, an juya. Babu gori, babu "haba mutumina, saura kaɗan fa". Na fi damuwa da wannan a kan kowane kaya da za ku saya, domin kunyar abokai ita ke sa mutum ya taka inda zuciyarsa ta riga ta hana shi.

Lokaci kuwa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu. Da damina falalen dutse na yin gansakuka, santsinsa ba a magana, ga tsawa da ke sauka a kan tsaunuka. Daga Maris zuwa Mayu zafin Yobe na wuce digiri 40. Ku kauce wa makon Kirsimeti da na sabuwar shekara, lokacin da cunkoso ke kamawa tun daga Berger, ya bi ta gadar Kara har Sagamu. Ku duba kalanda kada tafiyar ta faɗo cikin azumi.

Horon da za ku yi a nan Legas

Legas ba ta da dutse, amma tana da bene. Wata biyu kafin tashi, ku riƙa hawa da saukar matakala sau uku a mako da jaka a baya, a fara da kilo 5 a kai kilo 10. Gadojin masu tafiya a ƙasa na Oshodi ko Ikeja da sassafe sun wadatar. Ku mai da hankali ga sauka, ita ce ke cin gwiwa.

Sai gwajin tsoron bisa. Ku je gandun Lekki Conservation Centre ku bi gadar igiyar nan da ke saman bishiyoyi, mai tsawon mita 401. Wanda ƙafarsa ta kama rawa a can ba abin dariya ba ne, kun dai gane cewa yana bukatar ƙarin lokaci, kuma gara a gane a Lekki da a gane a kan Zuma.

Na uku, ku nemi wanda ya iya igiya ya koya muku da hannu. A wasu wuraren wasanni na yankin Lekki akwai bangon hawa, ku je ku koyi ɗaura ɗamara, da ƙulli, da riƙe wa mai hawa igiya. Rubutu irin wannan zai gaya muku abin da za ku duba, amma ba ya sa hannu ya iya ƙulli.

Kayan hawa

A nan ne ake yawan yin ganganci da sunan tattali. Igiyar hawa daban take da duk igiyar da ke kasuwa. An saƙa ta ne yadda idan mutum ya faɗo za ta ɗan miƙe ta shanye fizgar, kada ƙugunsa ya sha ta. Igiyar guga, da ta ɗaure shanu a Kara, da ta jan mota, da shuɗiyar nan ta ɗaure kayan tirela, babu wadda za a rataya ran mutum a kanta. Ku nemi mai tsawon mita 60, kauri tsakanin milimita 9.5 da 10, kuma a jikin takardarta a ga tambarin UIAA ko CE, wato shedar cewa an gwada ingancinta. Wannan tambari ku neme shi a jikin kowane abu: ɗamara, ƙugiya, hular kwano.

Ɗamarar hawa ita ce wadda ke zagaye ƙugu da cinyoyi, maɗaurinta a gaba. Wadda ake sayarwa a shagunan kayan leburorin gini, mai ƙugiya a gadon baya, an yi ta ne don wani aiki daban. Ku sami ƙugiyoyi masu makulli aƙalla shida. A jikin kowace za ku ga lamba da haruffan kN, wato ma'aunin ƙarfin da za ta iya jurewa, ta ƙwarai ba ta gaza 20 a tsawonta. Ƙananan nan masu sheƙi da ake rataya makullin gida da su, ku bar su a gida. Sai birkin igiya, wato ɗan ƙarfen da mai riƙo ke zura igiya a ciki, guda biyu. Sai maɗauran zare masu faɗi, da wata igiya marar miƙewa ta mita 20 zuwa 30 don kafa maɗauri a sama. Hular kwano kowa da tasa, mai maɗaurin haɓa.

Kada ku sayi igiya ko ɗamara a gwanjo, ko a Katangua ko a Yaba, komai kyansu a ido. Ba ku san faɗuwa nawa suka ɗauka ba, ba ku san abin da ya zube musu ba. Masu ƙera su ma sun ce ko ba a taɓa amfani da su ba, kada su wuce shekara 10. Yawancin waɗannan kaya sai an yi odarsu ta intanet ko an ba mai dawowa daga waje saƙo, don haka ku fara da wuri. In kuɗi bai kai ba, ku bar batun igiya gaba ɗaya har ku isa Jos, inda za ku sami masu kaya da masu koyarwa. Wannan ba gazawa ba ce, kuma ga masu tafiyar farko shi na fi so.

A cikin but ɗin mota, igiya ta zauna a jakarta ita kaɗai, nesa da batir da jarkar mai. Ruwan batir na cinye zaren igiya ba tare da ido ya ga alama ba.

Takalmi mai ƙasan roba mai kamu, wanda kuka riga kuka saba da shi. Wando mai sakewa, riga mai dogon hannu marar yalwa. Kaftani da jallabiya sai an sauko. A cire zobe da agogo. Mata su tura hijabi cikin riga, masu dogon gemu su kula, domin birkin igiya na cafke duk abin da ke reto. Rigar sanyi mai kauri saboda Jos da daren hamada, tocilar goshi, man kaɗanya don kaushin hunturu. Da dare ake shafa shi, ba lokacin da za a kama dutse ba.

Mota da takardu

Mako biyu kafin tafiya a kai ta wurin bakanike: birki, lagireto, fambel, shokozoba, juyen mai, fitilu. In za a sayi kayan gyara a Ladipo, ku tafi da bakaniken. Ku duba shekarun tayoyi da kanku. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Safaya biyu, jak, sifana, abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, famfon iska mai aiki da batirin mota, da shebur. Lasisin tuƙi, takardar mota, inshora, shedar lafiyar mota, shedar mallaka, da izinin baƙin gilashi in tana da shi, duk a haɗa su a jaka ɗaya tare da kwafi.

Zuwa da dawowa zai haura kilomita 3,000. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 za ta sha sama da lita 360, sai ku lissafa da farashin ranar, ku ƙara kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'aji ya riƙe tsabar kuɗi a rarrabe, domin akwai inda sabis ke ɗaukewa, mai POS ma ya rasa yadda zai yi. Guzuri: kilishi, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, burodin Agege na kwana biyun farko. Ruwa lita 4 zuwa 5 ga kowane mutum a yini, ban da na alwala.

Akwai maganar da ba zan ɓoye ba. Samari 'yan Arewa biyar a mota, da igiyoyi da jakunkuna, suna tambayar hanyar daji a ƙasar da ake fama da masu garkuwa da mutane, dole a yi musu kallon tuhuma. Abin da ya faru a Uromi a Maris 2025, inda aka kashe matafiya 16 'yan Arewa, bai kamata ya fita daga ranmu ba. Saboda haka kada a ga adda, ko wuƙa mai tsawo, ko wani abu mai kama da makami a motarku. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa da na wurin aikinsa. In za ku sami wasiƙar gabatarwa daga fadar Sarkin Hausawan unguwarku, ku karɓa. A shingen 'yan sanda, ko sojoji, ko Amotekun, jami'an tsaron jihohin Yarabawa, a sauke gilashi, a gaisa, mutum ɗaya ya yi magana, a nuna kayan a faɗi amfaninsu. Kada ku shiga kowane daji ba tare da ɗan gari ba, kada ku tashi jirgi marar matuƙi don ɗaukar hoto ba da izini ba, kuma hotunan wuri sai kun bar shi za ku sa a Facebook ko WhatsApp.

Tuƙi daga bayan asuba zuwa la'asar ne kawai. Kafin kowane zango ku tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, su ne ke binta kullum. Lambar gaggawa 112, ta jami'an kiyaye haɗurra 122.

Olumo: gwajin yini ɗaya

Wata Asabar kafin babbar tafiya, ku ɗauki motar nan da mutanen nan ku je Abeokuta, ta Sango Ota da Ifo, ko ta Sagamu. Dutsen Olumo mita 137 ne, nan Egbawa suka fake lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Akwai matakala, akwai kuma tsohuwar hanya ta cikin matsatsin duwatsu, ku bi wannan tare da ɗan jagora. Abin da kuke nema a nan shi ne ku ga takalmin wa ke ciwo, wa ke shanye ruwansa tun a ƙasa, wa ke gaba ya bar mutane. Ku yi azahar a Sabo, ku dawo gida ku gyara abin da kuka gani.

Idanre

Ranar tashi, ku bar Berger kafin gari ya waye sosai. Ibadan, Ife, Ilesa, Akure, ku kwana nan. Washegari Idanre, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Garin na zaune a tsakiyar manyan duwatsu ta kowace fuska, kuma matakala sama da 600 ke kai mutum tsohon garin da ke bisa, inda tsohuwar fadar Owa, wato sarkin garin, da tsohuwar kotu suke har yanzu. Tun 2007 wurin ke cikin jerin da Najeriya ta miƙa wa UNESCO na wuraren da take so a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

A nan za ku koyi tafiya a kan falalen dutse mai gangara, wadda ita ce rabin hawan dutse a ƙasar nan. Jiki zai so ya kwanta ya rungumi dutsen, kuma da zarar ka kwanta, nauyi ya bar ƙafa, takalmi ya zame. Ka miƙe, ƙugunka a saman ƙafafunka, tafin takalmi gaba ɗaya a kan dutse, taku gajere, idonka a inda za ka sa ƙafa. Hannu na daidaita jiki ne kawai. Kada ka hau da gwiwa, kada ka ja ciyawa ko ƙaramin saiwa, a hannunka za su taho. Kafin ka hau kowane wuri ba igiya, ka yi taku uku ka gwada saukowa. In saukowar ta gagara, wurin ba naka ba ne yau.

Wasu duwatsun Idanre wuraren ibadar gargajiya ne na mutanen garin. Inda ɗan jagora ya ce ba a shiga, ba a shiga, ba sai an yi muhawara ba. Mai Yarabancinku ya gaida dattawa yadda suke gaisuwa, ya ce Baba, ya ce Mama, ya rusuna. Kada a rubuta suna da fenti a jikin dutse, kada a bar leda ko gora. A cikin ciyawa ku kula da karara, wadda Yarabawa ke kira werepe, da rani take bushewa, kuma ƙaiƙayinta na iya sa mutum ya saki abin da ya riƙe.

Ku fara hawa da hantsi bai yi ba, ku sauko kafin sha ɗaya. Dutse na ɗaukar zafi har ya gagari tafin hannu.

Lokoja da Zuma

Daga Akure ta Owo da Okene zuwa Lokoja hanya ce da ba a wasa a kanta, ku wuce ta da safe ba tsaye-tsaye. In kun isa da sauran rana, ku hau Dutsen Patti ku ga inda Neja da Binuwai suka haɗu.

Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100, yana jihar Neja kusa da Madalla, ya tashi kimanin mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi. Ana hawansa ta gefe ɗaya tare da 'yan jagora na yankin, amma akwai wurare masu tsananin gangara da babu abin tare mutum in ya zame. Ra'ayina shi ne a tafiyar zuwa ku tsaya ku kalle shi, ku zagaya gindinsa, ku wuce. In Jos ta koya muku abin da ya kamata, sai ku yi shawara a dawowa.

Jos: inda za ku ɗaura igiya

Daga Zuma ku bi ta Keffi, Akwanga, garin Forest, sannan Hawan Kibo, inda za ku ba tireloli tazara mai yawa. Duwatsun Riyom da suka hau kan juna na kallo ne, ku tambayi halin yankin kafin ku tsaya. A Jos ku sauka wurin wanda ya san garin, domin akwai unguwannin da baƙo bai kamata ya yi ta yawo ba a san shi ba. Da ɗan gari akan ci gari. In kun yi niyyar kwana huɗu, ƙasaru ta ƙare, sai ku cika salla.

Tsaunukan Shere na gabas da garin, ƙololuwarsu mita 1,829. A nan makarantar horon shugabanci ta Man O' War take, 'yar'uwar Sea School da ke Apapa, kuma suna koyar da hawa da sauka da igiya. Ku tuntuɓe su tun kuna Legas. Ku ba wurin nan kwana uku, shi ne zuciyar tafiyar.

Salon da ya dace da masu koyo shi ne wanda igiya ke zuwa daga sama. A zaɓi bango da bai kai mita 25 ba, wanda ake iya zagayawa a kai samansa da ƙafa. A can a kafa maɗauri a wurare biyu da ba su dogara da juna ba: bishiya mai rai da ta fi cinya kauri, ko ƙaton dutsen da mutum uku ba za su motsa ba. Daga nan a miƙo igiya marar miƙewa har ta ɗan wuce bakin bangon, a shimfiɗa tsohuwar darduma a ƙarƙashinta kada kaifin dutse ya ci ta. A ƙarshenta ƙugiyoyi biyu masu makulli, bakinsu na kallon saɓanin juna, a cikinsu igiyar hawa za ta bi. Kada a taɓa zura igiyar hawa kai tsaye cikin maɗaurin zare, gogayyar zare da zare na narkar da shi cikin ɗan lokaci. Mai kafa maɗauri shi ma ya ɗaure kansa kafin ya matsa bakin bango.

A ƙasa, mai hawa ya ɗaura igiya a ɗamararsa da ƙullin takwas, wato mai siffar lamba 8, ya bar jela mai tsawon taƙi. Mai riƙo ya zura ɗaya ɓangaren a birki, ya kulle ƙugiya, ya yi ƙulli a can ƙarshen igiyar kada ta zare ta fice. Sai su duba juna, kowane hawa, ko na goma ne a ranar: ɗamara ta zauna a saman ƙashin ƙugu? Ƙulli ya cika? Ƙugiya a kulle? Hula a ɗaure? Da hannu ake taɓawa, ba da ido kawai ba.

Ku tsayar da kalmomin kira, kada kowa ya ƙirƙiro nasa.

"Ɗan'uwa, ka riƙe ni?"

"Na riƙe ka. Bismillah, hau."

Daga nan "ja" in igiya ta yi sako-sako, "saki" in ta matse, "sauke ni" in an gama. Wanda ya ture tsakuwa ya yi ihu "dutse!", na ƙasa su manne da bango, kada su ɗaga kai. Hannun mai riƙo da ke bayan birki ba ya barin igiya ko da ƙuda ya shiga idonsa. Ba waya, ba hoto, ba hira. In mai hawa ya fi mai riƙo nauyi sosai, a ɗaure mai riƙon a bishiya, ko wani ya riƙe ɗamararsa ta baya. Wajen saukewa, mai hawa ya zauna cikin ɗamara, ƙafafu a ware a jikin bango, a sauke shi sannu. Saukar da mutum ke yi da kansa a kan igiya kuwa, kada ku gwada sai malami na tsaye a kanku, a nan ƙwararru ma suke halaka.

Kafin a hau kowane bango a tsaya a saurara. Ƙudan zuma na yin gida a tsagar dutse, in kun ga suna shiga da fita, ku canza wuri. Kada a zura hannu ramin da ido bai gani ba. In kun hango hayaƙin ƙunar daji a ƙasanku, ku sauka ta wani gefen tun da wuri, wuta ta fi gudu in tana hawa.

Ciwo da sara

Jakar magani ta ƙunshi bandeji, filasta, maganin wanke rauni, na ciwon jiki, na zazzaɓin cizon sauro, da gishirin ORS. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ciwon kai da jiri da fitsari mai duhu alamar ruwan jiki ya yi ƙasa ne, a shiga inuwa a sha. In mutum ya fara sambatu, a jiƙa shi a yi masa fifita, a nufi asibiti. Wanda ya faɗo ya bugi kai ko wuya, kada a ɗaga shi a ruɗe.

Kububuwa da kasa na son gindin duwatsu. In an yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da takalmi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Ku tambayi wanne ne tun ranar da kuka isa gari. Akwai asibitin da aka keɓe don wannan a Kaltungo ta jihar Gombe, amma mafi kusa shi ake fara nema.

Yashi

Wannan zango na da sharaɗi: sai mutanen can sun ce ku zo. Ku kira wanda kuka sani a Potiskum ko Gashua, kuma 'yan Yobe ba su da wuyar samu a Mile 12 da Alaba Rago. In sun yi jim kafin su amsa, tafiyarku ta ƙare a Jos. Tsaunukan Ayar na Nijar kuwa, ku ajiye su sai ƙura ta lafa.

In hanya ta yi kyau: Bauchi, Darazo, Potiskum, Jakusko, Gashua, sannan Yusufari, inda tuddan yashin Tulo-Tulo suke kusa da iyakar Nijar, da dausayoyi masu goruba da dabino a tsakaninsu. Ku fara kai gaisuwa ofishin 'yan sanda da wurin hakimi. "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Legas, mun zo ganin ƙasa, muna neman izini da ɗan rakiya." A ƙauye kuma ku nemi bulama. Mai a jarka na jawo tambayoyi a wannan yanki, ku cika tanki a gidan mai.

Motar da ta kawo ku ta tsaya a gari. Ku ɗauki hayar mai jan ƙafa huɗu da direban da ya tashi a yashin, in da hali motoci biyu. Za ku ga ya rage iskar taya zuwa wajen 18 a ma'aunin bokanaiza don ta baje, ya riƙe giya ɗaya ba tsayawa, ya hau tudu kai tsaye ba a karkace ba. In ta kafe, ba a ƙara wuta, sai ta ƙara nutsewa. A sauka, a haƙe gaban tayoyi, a sa katako ko tabarma, a tura. In ta lalace, kowa ya zauna a inuwarta, ba a bazama neman hanya da ƙafa.

Tudun yashi ana hawansa ta doronsa, da sassafe kafin ya yi zafi, da takalmi da safa saboda ƙarangiya da kunama. Rawani ko mayafi a rufe hanci, waya a cikin leda. Ruwa a ninka, a yi taimama in ya yi ƙaranci. Dausayin da kuke gani na masu shi ne, da shi suke shayar da dabbobi, a nemi izini kafin a ɗebi ruwa ko a ɗauki hoton kowa, musamman mata. Ku koma gari kafin la'asar ta yi sanyi, kwana a waje ba na wannan lokaci ba ne.

Dawowa

A mayar da iskar taya kafin a hau kwalta. Ku ware kwana uku zuwa huɗu, domin gajiya da ɗokin gida su ke sa a yi tuƙin dare da aka yi alkawarin ba za a yi ba. A gangaren Hawan Kibo a sa ƙaramar giya, kada a kwanta a kan birki har ya yi zafi. Direbobi su riƙa karɓar juna duk bayan awa biyu.

In kun iso, a wanke igiya da ruwa zalla, a shanya ta a inuwa, sannan a bi ta da yatsu daga farko har ƙarshe. Inda aka ji laushi, ko kumburi, ko aka ga farin cikinta ya leƙo, a yanke wurin ko a yi ritayarta, a kuma yayyanka ta gunduwa-gunduwa kada wani ya tsinta ya hau da ita. Danshin Legas na sa ƙarfe tsatsa da zare fumfuna, don haka kayan su bushe sarai kafin a rufe su a jaka. Motar ta koma wurin bakanike a canza matatar iska, ma'aji kuma ya kawo lissafi a cikin makon.